Kafin Ka Rufe Silin Ɗin Falon Nan, Yaya

Assalamu alaikum Yaya Alhaji,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, da Hajiya da yara, da su Inna can Jos. Na ga hotunan ginin Gwarinpa, ma sha Allah aiki ya yi nisa, Allah ya sa a shiga a sa'a. Na kuma ga hoton shandaliyar, wato fitilar adon da ake ratayawa a silin, da Hajiya ta tsinto a Instagram, mai hannuwa goma sha biyu da furannin gilashi, tare da tambayarka ko za ta fi sauƙi a nan tunda ina kusa da masu yin ta. Maganar ta fi ƙarfin saƙon murya, shi ya sa na zauna na rubuta. Ka san abincina a nan Padova ta Italiya shi ne naɗe irin waɗannan kaya da shirya su a akwati, don haka abin da zan gaya maka da hannuna na taɓa shi. Ta nan ta fi kyau nesa ba kusa ba. Sauƙi kuwa babu shi. Sannan wani babban kaso na abin da kuɗinta ke saya, kwantena ba ta iya ɗaukarsa.

Irin wadda ke cikin hoton ana ce mata ta Murano. Murano wasu 'yan tsibirai ne a arewacin Venis, tafiyar 'yan mintuna a jirgin ruwan haya. A 1291 mahukuntan Venis suka kwashe masu hura gilashi daga cikin birni zuwa can saboda tsoron gobara, don gidajen wancan zamani yawanci na katako ne. Daga baya abin ya rikiɗe ya zama tsaro, gwani ba shi da izinin barin ƙasar ya kai sirrin sana'ar wani wuri. Gidan Barovier & Toso yana danganta asalinsa da 1295, kuma wani kakansu, Angelo Barovier, shi ya gano yadda ake yin gilashi garai-garai marar launi a tsakiyar ƙarni na 15. Salon furanni da ganyayen da ya tafi da hankalin Hajiya kuwa na Giuseppe Briati ne, mutumin ƙarni na 18. Wata da aka yi a maƙerarsa tana nan rataye a gidan tarihi na Ca' Rezzonico, kuma daga nan manyan masu hawa-hawa suka samo sunan Rezzonico. Masu son na zamani sun fi nufar Venini, wanda wani lauya ɗan Milan, Paolo Venini, ya kafa da abokin kasuwancinsa a 1921.

Da za ka ga yadda ake yin ta, da ka daina mamakin kuɗin. Cikin dare ake narka yashi da soda, ɗan uwan kanwarmu, da farar ƙasa, a zafin da ke kai kusan digiri 1,400. Da safe gwani ya zauna a kan bencinsa, yaransa suna ɗebo masa narkakken gilashi a bakin dogon bututun ƙarfe. Ya hura, ya juya, ya ja da awartaki, ya yanke da almakashi, duk cikin 'yan daƙiƙun da gilashin ke da taushi, kafin a mayar da shi wuta ya sake laushi. Ganye ɗaya, fure ɗaya, hannu ɗaya, kowanne daban ake yi. Launin ma ba fenti ba ne, a cikin gilashin yake: kobal ke ba da shuɗi, manganis ya ba da shunayya, wani irin ja mai zurfi kuma da zinariya ake samunsa. Ƙyalƙyalin da ka gani a gefen furannin falle ne na zinariya da ake narkawa a jiki. In an gama, kowane yanki sai ya kwana a wani tanda yana hucewa sannu-sannu, don in ya huce da sauri zai tsage daga ciki, ko yau ko bayan wata shida a kan silin ɗin mai saye. Tandun nan gas suke sha dare da rana, ba kasafai ake kashe su ba. Lokacin da farashin gas ya yi tashin gwauron zabo a 2021 da 2022, maƙeru da dama sun dakatar da aiki, waɗanda suka ci gaba kuma suka ɗora nauyin a kan kaya. Yau ƙarama mai hannu shida ta gaske sai ka yi maganar Yuro dubu da wani abu zuwa sama. Manyan Rezzonico kuwa dubu gomomi ne. Ka fi ni sanin yadda Yuro ya kwana a wajen 'yan canji na Zone 4, sai ka buga lissafin da kanka.

To, kuɗin da aka rubuta ƙarƙashin hoton Hajiya bai kai na akwatin katakon da muke sa ta gaske a ciki ba. Nan ne zan ce ana yi wa rogo kallon kitse. Kada ka ɗauka a gida kawai ake wannan, a cikin Venis ɗin kanta, shagunan da ke tsakanin Rialto da San Marco cike suke da gilashin da aka shigo da shi daga waje ana sayar wa 'yan yawon buɗe ido. Dalilin haka ne gwamnatin yankin Veneto ta yi doka a 1994 ta kafa tambarin Vetro Artistico Murano, wanda ƙungiyar Promovetro ke kula da shi. Wata 'yar takarda ce da ake mannawa, ɗauke da lambar maƙerar da ta yi kayan. Akwai maƙeru na ƙwarai da ba su shiga ƙungiyar ba, akwai kuma masu aiki mai kyau a nan tudu wajen tsibirin, don haka rashin tambari bai isa hukunci ba. Amma mai gaskiya zai ba ka sunan maƙera da adireshinta a rubuce. In ka riƙe ganye biyu na fitila ɗaya ka ga sun yi daidai da juna ɗas, ga wani siririn layi ya ratsa gefensu, to a cikin ma'auni aka zuba su, ba baki ne ya hura ba. Na hannu ba ya rasa 'yar kumfa ƙarama a ciki da ɗan bambanci tsakanin wannan da wancan.

Ɗaya dangin shi ne na kiristal, masu ɗigo-ɗigon duwatsu da ke watsa haske, waɗanda suka fi yawa a otal-otal da ɗakunan taro na Abuja. Wannan aikin yanka ne da gogewa, asalinsa kuma yankin Bohemiya a Jamhuriyar Cek, inda kamfanin Preciosa ke ƙirga tarihin fitilunsa daga 1724, ga kuma Lasvit da aka kafa a 2007 yana yin na zamani. Swarovski na Ostiriya, wanda Daniel Swarovski ya kafa a Wattens a 1895, shi ma ɗan Bohemiya ne ya yi ƙaura. Duwatsunsu ne a jikin fitilun masallacin Sheikh Zayed na Abu Dhabi da ka ɗauki hoto a ƙarƙashinsu. A dokar Turai ba a kiran gilashi kiristal mai dalma sai dalmar ta kai kashi 24 cikin ɗari. Kusa da mu kuma akwai Asfour na Alƙahira, tun 1961 suke wannan aiki, kayansu na da kyau, kuɗinsu bai kai na Turai ba. Amma mafi yawan abin da ke rataye a shagunan Wuse 2 da Gudu daga garin Guzhen yake, a lardin Guangdong na Chaina, garin da kusan ba shi da sana'a sai fitila, kuma gilashin da suke amfani da shi ana kiransa K9. Ni ba na raina shi. K9 mai kyau yana da haske, bai da nauyi sosai, in ɗaya ya faɗi za ka samu madadinsa a kasuwa. Inda ake cutar mutane shi ne ƙarfen: ruwan gwal ɗin da aka fesa masa damina biyu ta isa ta dusar da shi, wayar ciki kuma siririya ce. Na Chaina da aka sayar maka da sunan na Chaina a kan kuɗin na Chaina ciniki ne na halal. Wanda aka sa wa sunan Italiya aka ninka kuɗi shi ne zalunci.

Yanzu ga abin da na ce kwantena ba ta ɗauka. A nan duk kayan da ka saya a shago doka ta ba ka garantin shekara biyu, ko mai shagon ya so ko ya ƙi. In ta intanet ka saya kana da kwana 14 ka mayar ba tare da ba da dalili ba, sai dai in kayan don kai aka ƙera su musamman. Fitilar Murano a warwatse take zuwa, kowane yanki a naɗe shi kaɗai, da zanen yadda ake harhaɗawa, galibi da 'yan ganye ko kofuna na ƙari saboda tsautsayi. Maƙeru masu suna suna ajiye zanen kayansu, in bayan shekara goma mai aiki ta fasa fure ɗaya, sai ka aika hoto a hura maka wani. Wanda zai rataya ta mai lasisi ne, in ya taɓa wayarin gida sai ya ba ka takardar shaida da sa hannunsa cewa aikin ya bi ƙa'ida. Duk wannan yana cikin farashin. Ran da fitilar ta sauka a Gwarinpa, garantin yana nan a takarda, amma wa zai mayar da ita Venis? Furen da ya fashe za a yi maka sabo, sai dai kuɗin aiko shi zai iya fin kuɗinsa. Mu ma fa muna da doka, dokar kare haƙƙin mai saye ta 2018 ta ba ka damar mayar da kaya mai aibi, amma har yau ƙasan rasit ɗinmu ɗauke yake da rubutun cewa kayan da aka saya ba a mayarwa, kuma kowa ya saba.

Abin da ya fi damuna a hotunan ginin shi ne na ga masu POP sun fara kafa ƙarafunansu. Don Allah ka dakatar da su a falo da kan matakala. Babbar shandaliya takan kai nauyin buhun siminti, wata ta wuce, kuma a ƙarƙashinta jikokinka za su yi rarrafe. POP ado ne, ba ya ɗaukar kaya. Ƙugiya ake so ta ƙarfe da ta kama kankaren dekin kansa, ko dai an ɗaure ta da rodi tun lokacin zuba kankare, ko a huda a dasa ƙusa mai buɗewa a ciki, injiniya ya gwada ta da nauyin da ya ninka na fitilar kafin a rataya komai. A falon sama da ba shi da dekin, sai a gitta ƙarfe tsakanin manyan katakan rufi. Wannan aikin yanzu kuɗinsa kaɗan ne. In an rufe silin an yi fenti, sai an fasa. Ita kuma ta kan matakala, inda tsayin ya haɗe hawa biyu, ka tambayi kanka tun yau wa zai hau ya canza ƙwai. A nan akwai ɗan injin da ake ɓoyewa cikin silin, yana sauko da fitilar ƙasa in za a goge ta. In ba za ka sa shi ba, to ka san duk gyara sai an kafa katakon hawa a tsakar gida.

Wutar lantarki kuwa mun yi sa'a, Italiya da Najeriya duk ƙarfin wutar volt 230 ne, ba kamar kayan Amurka masu 120 ba. Amma yawancin fitilun nan ƙananan ƙwai masu murɗawa suke ci, E14, wasu na zamani G9, ba masu fil biyu da muka saba da su ba, sai ka sayi na ajiya tare. Kada ka yarda da tsofaffin ƙwai masu zafi. Fitila mai ƙwai 24, kowanne wat 40, ta kai wat 960, kusan kilowat guda ke nan. A kan Naira 225 da aka sa wa 'yan Band A a Afrilun 2024, awa biyar a rana ya haura Naira dubu, fitila ɗaya tak, ban da abin da za ta yi wa batirin inbata. Ƙwan LED mai wat 4 zai mayar da ita wat 96. Ka nemi mai ɗumin haske, wanda aka rubuta 2700K ko 3000K a kwalinsa. Farin nan tas na 6500K da mutanenmu ke so yana kashe launin gilashi, zinariyar sai ta koma fari-fari. Na zamani masu zobba, waɗanda LED ɗinsu a manne yake ba a cirewa, su na fi jin tsoro a gida, domin ɗan akwatin da ke sarrafa musu wuta ba ya jure hawa da saukar lantarki, ko sauyawa daga janareto zuwa layi. In ya ƙone, sau da yawa fitilar ta tashi aiki ke nan. Ka sa mai wayarin ya ja wayar ƙasa ta gaske har silin, ya sa abin kare kaya daga tsallen wuta a babban akwati, da makashin da ke yanke wuta in ta fara zuba a jikin ƙarfe. A nan tun 1990 doka ta wajabta irinsa a gidaje.

Sai hunturu. Mutanen Venis ba su san ƙurar Disamba da Janairu ba. Kowane kofi da kowane fure da ke kallon sama ma'ajiyar ƙura ne, kuma ba a goge shi da tsumma a tsaye, sai an cire yanki-yanki an wanke da ruwan ɗumi an shanya. Ka tambayi Hajiya ko tana da wanda za ta amince wa da wannan. Fanka ma abokiyar gaba ce, tana kaɗa ɗigon kiristal suna gogar juna, inuwar fiffikenta kuma ta riƙa yanka hasken. A falon da za a sa shandaliya, sai esi ko fankar bango. Game da girma, masu tsara ɗaki suna da lissafi mai sauƙi: haɗa tsawon ɗaki da faɗinsa a ƙafa, abin da ya fito shi ne faɗin fitila a inci. Falo mai ƙafa 20 da 16 yana son mai inci 36. Ƙasanta kada ya sauko ƙasa da ƙafa bakwai daga daɓe, balle ma kai mai babbar riga da doguwar hula.

Hanyar kawo ta ita ma karatu ce. Harajin saye a nan kashi 22 ne cikin ɗari, namu 7.5, amma in kamfani ne ya aika kai tsaye zuwa Najeriya ba a caje ka na nan. Jirgin sama ba nauyi kaɗai yake dubawa ba, har da girman akwati: a ninka tsawo da faɗi da tsayi a santimita a raba da 6,000. Akwati mai 80 ta kowane ɓangare za a caje ka kilo 85 ko da rabinsa soso ne. Ta ruwa ya fi sauƙi, daga Genoa zuwa Legas, sai kwastan da takardun SONCAP, wato shaidar ingancin kayan lantarki, sai kuma doguwar hanyar Lokoja a bayan babbar mota. Gilashi ba ya son wannan hanya. Kada a yi ta ba inshora, kuma a buɗe akwati ana ɗaukar bidiyo. Tun Yunin 2015 Babban Banki ya sa kayan ɗaki da na gilashi cikin kaya 41 da aka hana wa dala a farashin gwamnati. An ɗage haramcin a Oktoban 2023, amma kafin nan an riga an saki Naira a Yunin shekarar, don haka mai shigo da kaya bai ga wani sauƙi ba.

Ka kuma yi tambaya a kan kujeru. Cibiyar wannan harka ita ce Milan. Duk watan Afrilu ana baje kolin Salone del Mobile, wanda aka fara a 1961, kuma duk bayan shekara biyu ana haɗa shi da na fitilu, Euroluce. Masana'antun suna arewacin birnin, a yankin Brianza: Cassina da Minotti a garin Meda, Molteni a Giussano, Poliform a Inverigo. Aikinsu babu makusa. Ka ɗaga kushin ka duba ƙasansa, inda ido ba ya kaiwa, za ka tarar ɗinkin daidai yake da na sama. Sai dai ba a shiga a ɗauka. Kai za ka zaɓi yadi ko fata, ka biya kafin alƙalami, ka jira wata biyu ko uku.

Abin da hotunan Instagram ba sa nunawa shi ne su kansu 'yan Italiya ba a cikin irin waɗannan kaya suke kwana ba. Talakan nan gidansa ɗaki biyu ne da ɗan falo a bene, kayansa na IKEA ko Mondo Convenienza, shi da matarsa za su zauna su ɗaure da sukudireba ranar Lahadi. Yawancin gidaje kilowat 3 kacal suka yi yarjejeniya da kamfanin wuta, in ka kunna tanda da injin wanki tare mita ta yanke. Manyan shandaliya da muke naɗewa, adireshin da ke jikin akwatinsu na otal ne, ko na ƙasashen Larabawa, ko Amurka. Tsofaffin da iyaye suka mutu suka bari kuwa, 'ya'yan ba sa so, sai ka tarar da su a shagunan gwanjo da shafin Subito da araha. Can ne mai haƙuri kan yi sa'ar ta Murano ta gaske, in ya yarda zai sake mata waya.

Kujerar zamani ta Italiya kuma ba don falonmu aka yi ta ba. Gajeriya ce, ga zurfi, an yi ta don mutum biyu su miƙe ƙafa suna kallon talabijin. Inna ta zauna a kai sai an kama ta za ta tashi. Falonka ranar Sallah ko suna mutum nawa yake ɗauka? Farin yadi mai gashi-gashi da ake yayi yanzu, ka hango shi da hannun yaro da ya gama cin tuwo da miyar manja. 'Yan Turkiyya sun fi fahimtar mu, shi ya sa kayan İnegöl da na kasuwar Masko ta Istanbul suka cika Abuja: saiti cikakke, ga tsayi, ga ado. Amma a cikinsu ma akwai na dusar katako da aka matse, wanda in ya sha danshin damina sai ya kumbura, da fatar roba da zafin Maris ke sa ta ɓarewa. Araha ba ta ado.

Ni dai a ganina kujeru da gadaje da teburin cin abinci a wajen kafintocin Kugbo na Abuja za ka yi su. Kafintocinmu in ka nuna musu hoto za su fitar maka da shi, hannu ba shi ne matsalarmu ba. Abin da Brianza ta fi mu abu uku ne da kuɗi ke iya saya a gida: busasshen katako, soso mai nauyi, da haƙuri. A nan ana gasa katako a ɗakin busarwa sai danshinsa ya sauko wajen kashi goma cikin ɗari kafin a taɓa shi. Mu kuwa daga Dei-Dei ko kasuwar Katako ta Jos ake ɗauko shi ɗanye a fara aiki, hunturu na zuwa ya tsage, haɗin ya saki. Ka sayi maɗaci ko loko yanzu, a jera shi a inuwa da 'yan sanduna a tsakani, a yi masa maganin gara, ya sha iska har a gama ginin. Soso ka je da kanka ka zaɓi mai nauyi daga kamfani, kada ka bar wa kafinta. Sannan ka biya shi kuɗin da zai sa ya yi wata biyu a kan aikinka maimakon mako biyu. Wani abin takaici, fatar awakin Sakkwato da Kano ana kawo ta nan Italiya a gyara a yi jaka da takalmi, madobiyarmu kuma an yi ta kwasa zuwa Chaina har sai da aka sa ta cikin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta kare dabbobi da tsirrai ke sa wa ido a 2017. Kayan ƙwarai daga wajenmu suke fita.

Akwai kuma inda gida ya fi nan, kada ka ji ina ta yabon Turai. A Abuja ka kira mai gyaran wuta da safe, kafin azahar ya iso da tsaninsa. A nan sai ka jira mako biyu ko uku, kuma tun daga taka ƙofarka kuɗi ya fara hawa. Motar kamfani a bakin titi take sauke maka kaya, hawa bene kuɗinsa daban. Babu tayi, babu ragi, babu kawo rabi ka cika ƙarshen wata. Dilanka na Gudu da kuka saba, in fitila ta ba da matsala kunya kaɗai za ta sa ya turo yaro ya duba. Wannan ma garanti ne, ko da ba a rubuta shi ba. Kuma mu ma muna da masu gilashi: Masaga na Bida sun daɗe suna narka shi suna yin duwatsun wuya da awarwaro, har UNESCO ta sa Bida cikin biranen sana'ar hannu a 2021. Ina ganin duwatsun Masaga a jere a kan ƙarfen tagulla na maƙeran Bida za su yi fitilar ɗakin cin abinci da babu mai irinta a Gwarinpa. In kana da wanda ke zuwa can, ya tambaya mana.

Ga shawarata. Falo da kan matakala ka sa na Asfour ko K9 mai kyau daga dilan da zai rataya da kansa kuma ka san shagonsa, masu ƙwai da ake cirewa. In Hajiya ta nace sai ta Murano, kuma tana da gaskiya don abu ne mai kyau, to a saya mata ƙarama mai hannu biyar ko shida don falonta na ciki, inda ƙura ba ta yawa kuma yara ba sa buga ƙwallo. Wannan zan iya zuwa maƙera da kaina in zaɓa, in karɓo ganye da kofunan ajiya, in naɗe ta da hannuna. Ka turo mini tsawo da faɗin ɗakin, da tsayi daga daɓe zuwa inda POP zai tsaya, da launin labulen da ta zaɓa. Ku yanke shawara kafin ƙarshen Yuni, domin maƙeru da yawa suna rufewa a Agusta, odar da ta makara sai Oktoba ko bayanta. Maganar ƙugiya kuwa kada ta kwana, ka kira injiniyan yau.

A gaida Hajiya da yara. In ka je Jos ka gaida Inna, ka ce maganin ƙafarta yana hanya tare da mai zuwa.

Ƙaninka,
daga Padova.